M51: me ya murɗe ta, kuma ana ganinta daga nan?

Wani ɗalibin sakandare ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na ga hoton wani abu na sararin samaniya a Facebook mai kama da guguwa, fari da shuɗi da ɗigo-ɗigon ja, an rubuta M51 a ƙasansa, wai nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan 31. Yaya aka yi aka san nisan wurin da ba wanda ya taɓa zuwa? Me ya murɗe shi haka? Kuma in na fita da dare zan gan shi, ko zanen kwamfuta ne kawai?"

Ƙanena, hoton na gaskiya ne. Abin yana nan a sama, kuma daga Kano ko Damagaram ana iya nuna inda yake da yatsa. Sai dai in ka sa ido a na'urar hangen nesa kana jiran launukan nan, za ka ɗago kai kana tsaki. Zan zo kan dalili, amma mu fara sanin ko mene ne.

Ranar nan tamu tauraruwa ce. Duk taurarin da idonka ke iya ƙirgawa da dare 'yan gida ɗaya ne da ita, gidan da masana ke kira galaksi: taurari sama da biliyan 100, da iskar gas, da ƙura, ƙarfin janyowa ya ɗaure su suna kewaya tsakiya guda. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda mutanen ƙauye suka fi na birni saninsa, jikin gidanmu ne muke hangowa daga ciki. M51 wani gidan ne can daban, mai nasa biliyoyin taurari. Siffarta kamar faifai, shimfiɗaɗɗiya da ɗan tudu a tsakiya. Sa'ar da muka taka ita ce fuskarta ta ba mu, kamar faifan da aka ajiye a ƙasa kana tsaye a kansa. Da gefe ta juyo mana, siririn layi kawai za mu gani, ba mai sanin tana da hannaye.

Harafin M ɗin na Charles Messier ne, wani Bafaranshe da aikinsa farautar tauraro mai wutsiya. Ya ci karo da ita ranar 13 ga Oktoba, 1773, ya sa ta a jerin hazo-hazon sama da ke yaudarar mai irin sana'arsa, ta zama ta 51 a jerin. A 1781 abokin aikinsa Pierre Méchain ya lura da ƙaramar da ke maƙale a gefenta, wadda yau ake kira NGC 5195. Shekara 72 ana kallonta, ba wanda ya ga murɗin.

Wanda ya fara gani shi ne William Parsons, basaraken da aka fi sani da Lord Rosse, a gidan gonarsa da ke Birr a ƙasar Ayalan, a 1845. Na'urarsa abin kallo ce. Madubinta inci 72 ne a faɗi, wato wajen mita 1.8, an zuba shi da gamin tagulla da kuza, nauyinsa ya kai tan uku. An rataye bututun tsakanin katangun dutse biyu, ma'aikata na jan sarƙoƙi suna ɗaga shi, mai kallo kuma yana tsaye can sama a kan dakalin katako cikin sanyi. Madubin ƙarfe yana dusashewa da danshi, don haka biyu aka yi, ɗaya na aiki ana goge ɗaya. Babu kyamarar da za ta ɗauki abu mai duhu haka a zamanin, da fensir ya zana abin da ya gani. Ka ajiye zanen nan kusa da hoton da ka gani a Facebook, za ka ga hannayen biyu a inda suke, da ƙaramar a ƙarshen ɗayansu. Duk wanda ya ce maka kwamfuta ce ta ƙirƙiro, ka tambaye shi wace kwamfuta ke akwai a 1845. Na'urar ta ci gaba da zama mafi girma a duniya har 1917.

Amma shi Rosse bai san nisanta ba, kuma masana sun daɗe suna gardama ko irin waɗannan abubuwa 'yan ƙananan gajimare ne a cikin gidanmu ko gidaje ne masu zaman kansu.

To ta yaya ake auna nisan? Ka taɓa hango fitila a daji da dare ka kasa sanin ko aci-bal-bal ce a kusa ko fitilar mota ce a nesa? Matsalar kenan gaba ɗaya. Da za a ce maka fitilar nan ta babur ce irin wanda kake hawa kullum, ka san ƙarfinta, to daga yadda ta dushe za ka kimanta nisan. Kuma lissafin tsayayye ne: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke iso maka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, in ya ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Aikin masana shi ne su nemo fitilar da suka san ƙarfinta a cikin galaksin da suke son aunawa.

Ta farko da aka samu wasu taurari ne da haskensu ke hawa da sauka a kan ƙa'ida, kamar numfashi. Henrietta Leavitt ta jami'ar Harvard ce ta nuna a 1912 cewa mai jinkirin numfashi shi ne mai ƙarfin haske, mai sauri kuma rarrauna ne. Kenan ka ƙirga kwanakin da yake ɗauka, ka san ƙarfinsa na ainihi. Da wannan Edwin Hubble ya yi amfani a 1923, lokacin da ya tsinci irin tauraron a galaksin Andromeda da na'urar inci 100 ta dutsen Wilson a Amurka, ya nuna tana can waje da gidanmu. Nan gardamar ta mutu.

Ga M51, hanyar da na fi yarda da ita ta tsofaffin taurari ce. Tauraro irin ranarmu in ya tsufa yana kumbura ya yi ja, haskensa na ta ƙaruwa har ya kai wani maƙura, sai wutar cikinsa ta sauya makamashi, hasken ya ragu. Maƙurar nan kusan ɗaya ce ga duk irin waɗannan taurari, ko a ina suke. Sai a ɗauki hoton gefen galaksin inda cunkoso ba shi da yawa, a jera jajayen taurarin bisa haskensu, a duba inda jerin ya yanke. A 2016 an yi wa M51 wannan awo da na'urar Hubble da ke kewaya duniya, aka samu kimanin shekarar haske miliyan 28. Za ka ga wasu sun rubuta 23, wasu 31 kamar a hotonka. Kowace lamba ta fito ne daga wata hanyar awo daban, kuma kowace hanya tana fama da ƙurar da ke tsakani, wadda ke rage haske kamar yadda hazon hunturu ke sa fitilar kusa ta yi kamar ta nesa. Lambar da ke hotonka tana cikin iyakar abin da aka auna, ba a yi maka ƙarya ba.

Ka riƙe cewa shekarar haske ma'aunin nisa ce. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda. Daga wata zuwa nan sakan ɗaya da ɗoriya, daga rana minti takwas da sakan 20, a shekara kuwa yana cin kusan kilomita tiriliyan 9.5. In ka san nisa, girma ya zo da sauƙi. A sama M51 ta kama kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin cikakken wata, kuma abin da zai kama haka daga wannan nisa, faɗinsa na tsakanin shekarar haske dubu 75 da dubu 90. Ta ɗan gaza tamu.

Sauran abin da aka sani game da ita duk daga hasken aka karanto. Ana ratsa shi ta gilashi ya baje kamar bakan gizo, sai a ga siraran layuka a cikinsa, kowane sinadari da nasa, kamar zanen yatsa. Ta nan aka san gas ɗinta haidirojin ne mafi yawa, irin na nan. Layukan kuma sun ɗan gusa wajen ja, yadda jiniyar motar asibiti ke kauri in ta wuce ka, kuma gusawar ta nuna tana nesanta da mu da wajen kilomita 460 a sakan.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi daɗin amsawa. Abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne hannayen wasu igiyoyin taurari ne da juyawa ta naɗe. Je ka wurin mai shayi ka gwada: zuba madara a kofi, juya cokali sau ɗaya, za ka ga farin zane ya murɗe gwanin kyau. Juya sau biyar, ya naɗe ya ɓace. A galaksi ma taurarin kusa da tsakiya suna gama zagaye kafin na gefe su yi nisa. Ranarmu na ɗaukar wajen shekara miliyan 230 ta zagayo, galaksi kuwa sun haura shekara biliyan 10, wato zagaye 40 ko fiye. Da hannayen taurari ne tsayayyu, da tuni sun naɗe kamar zare a mazari. Amma ga su nan a buɗe, a galaksi dubbai.

Amsar da C. C. Lin da Frank Shu suka kawo a 1964 ita ce hannun gosulo ne. Ka ɗauka tirela ce ɗauke da siminti tana jan jiki a hanyar Kano zuwa Zariya. Motoci na taruwa a bayanta, kowa ya rage gudu, ya samu sarari ya wuce, na baya ya maye gurbinsa. Wanda ke kallo daga jirgin sama zai ga tarin motoci guda yana tafiya a hankali, alhali motocin da ke ciki yanzu ba su ne na ɗazu ba. Haka taurari da gas ke shiga hannun ta baya, su ɗan jinkirta saboda janyowar cunkoson, su fita ta gaba.

Taurari ba sa karo a gosulon nan, tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa. Gajimaren gas ne ke shan matsa. Suna shigowa su cushe, in sun cushe sosai sai su rufta ciki, a haifi sababbin taurari. Koma ka buɗe hoton nan, ka faɗaɗa hannu ɗaya, ka ratsa shi daga gefen da ke fuskantar tsakiya zuwa waje. Da farko za ka ga zane mai duhu, ruwan ƙasa-ƙasa, shi ne ƙura da gas mai sanyi da suka shigo suka matsu. Gaba kaɗan sai ɗigo-ɗigon jan da ka ambata, wato gajimaren haidirojin da jariran taurari suka haska daga ciki, shi kuma haidirojin in ya ɗau zafi haka, ja yake fitarwa. Sannan sai tarin shuɗin taurari, waɗanda suka riga suka kore gas ɗin da ya haife su. Tafiyar haihuwa ce kake gani a shimfiɗe, mataki bayan mataki, kuma M51 na cikin wuraren da ta fi fitowa sarai, shi ya sa malamai ba sa gajiya da nuna ta a aji.

Shuɗayen nan manya ne, masu almubazzaranci da makamashi. Ɗaya kan iya fin ranarmu haske sau dubbai, amma mafi girmansu 'yan miliyoyin shekaru kawai suke yi, ranarmu kuwa za ta yi wajen biliyan 10. Suna mutuwa kafin su yi nisa da inda aka haife su. Shi ya sa hannayen ke ƙyalli, tsakaninsu kuma ya yi kamar wayam, alhali cike yake da tsofaffin taurari marasa ƙarfin haske. Haɗa wannan da maganar nisa ka gani: hasken ya baro can shekara miliyan 28 da suka wuce, don haka mafi hasken shuɗayen da ke hotonka sun daɗe da mutuwa, wasu ne ke haskawa a madadinsu yanzu.

Saura tirelar. Wa ya haddasa gosulon a M51? Ƙaramar nan ta gefe. Wasu 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, sun nuna da lissafin kwamfuta a 1972 cewa in ƙaramar galaksi ta gifta kusa da babba, janyowarta na zaƙulo hannaye biyu, ɗaya ta ɓangarenta ɗaya ta kishiyarsa, kuma M51 na cikin misalan da suka gwada. NGC 5195 ta shafe ɗaruruwan miliyoyin shekaru tana wannan giftawa. A hoto kamar hannun ya riƙe ta, amma duba da kyau, ƙurar hannun ta gitta ta gabanta ta yi mata inuwa, alamar a yanzu tana ɗan bayan babbar. Galaksi da yawa masu murɗi hannayensu a yayyage suke, guntu-guntu. Tsabtar na M51 aikin maƙwabciyar nan ne.

Inda ake yawan haihuwar manyan taurari, ana yawan ganin mutuwarsu, kuma mutuwar fashewa ce da kan yi hasken miliyoyin rana na makonni. An ga haka a M51 a 1994, da 2005, da 2011, sau uku cikin shekara 17, mu kuwa a gidanmu rabon da a ga irinta da ido tun 1604. Abin da ke burge ni shi ne dukkan ukun masu kallon sama don sha'awa ne suka fara ganinsu, da na'urorinsu na gida. Ta 2011 ta ba da wata dama ta musamman. Aka koma tsohon hoton Hubble na 2005, aka ga wani ƙaton tauraro mai ruwan ɗorawa daidai wurin. Masana suka rabu, wasu na cewa shi ne ya fashe, wasu na cewa maƙwabcinsa ne. Aka jira hasken fashewar ya lafa, aka sake dubawa a 2013, babu shi.

A tsakiyarta akwai ƙaton baƙin rami mai haɗiye gas, wato wurin da ƙarfin janyowa ya kai ko haske ba ya iya tsere masa, kamar yadda yake a manyan galaksi kusan duka. Za ka kuma iya cin karo da labarin wai an gano wata duniya a cikinta. Asalinsa a 2021 ne aka ba da rahoto daga na'urar Chandra cewa wani tushen hasken eksire ya dushe na kimanin awa uku, kamar wani abu mai girman duniyar Zuhal (Saturn) ya gitta gabansa. Sau ɗaya aka gani, kuma bisa lissafin masu binciken sai bayan wajen shekara 70 zai sake gittawa. Ni dai ina ajiye shi a matsayin zato mai kyau.

To za ka gan ta? Da ido tsirara a'a, ta fi tauraro mafi duhu da ido ke iya kamawa rauni wajen sau tara. Amma nemo wurinta ba wuya. Daga Maris zuwa Yuni, bayan sallar isha, fuskanci arewa ka nemi taurari bakwai masu siffar ludayi, huɗu kwano uku mariƙi, waɗanda Larabawa ke kira Banatu Na'ash. Na ƙarshen mariƙin sunansa Alkaid, daga Larabci al-ƙa'id, jagora. Lokacin da ya hau can sama, tsakar dare a tsakiyar Afrilu ko wajen ƙarfe tara a ƙarshen Mayu, miƙa hannunka ka auna faɗin yatsu biyu daga gare shi, hagu da ɗan sama. Nan take. Daga ƙasar Hausa tana hawa wajen digiri 55 daga ƙasa, tsayi mai kyau.

Babban abokin gabarmu hazo ne. A Maris da Afrilu sau da yawa sama na nan fari-fat da ƙura ko da ba gajimare. Daren da ya fi shi ne wanda ruwan farkon damina ya wanke iska da yamma, hadari ya watse. Sai kuma wata: ka zaɓi daga 22 ga watan Musulunci zuwa tsayuwar sabo. Ka bar gari da fitilunsa, ƙauyen da ba lantarki ya fi kowane bene a birni.

Da abin hangen nesa na hannu mai ido biyu, irin wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, za ka ga ɗan tabo mai toka-toka kamar an hura numfashi a gilashi. Da na'ura mai madubi inci huɗu, tabon ya zama biyu, babba da ƙarami. Hannayen sai inci goma ko sha biyu, a sama mai duhu sosai. Launi kuwa babu, ko a babbar na'ura, domin ƙwayoyin idon da ke aiki a duhu ba sa rarrabe launi, kuma ido ba ya tara haske. Kyamara tana buɗe ido na sa'o'i tana tarawa, ta matatar launi daban-daban, sannan a haɗa. Launukan hoton Hubble na 2005, wanda ya fi yawo a intanet, suna kusa da na ainihi, an dai ƙara musu ƙarfi. In kuwa wanda ka gani jan wuta ne da ruwan lemo mai zare-zare, na na'urar sararin samaniya ta James Webb ne na 2023, wadda ke ɗaukar hasken zafi da ido ba ya gani sam, launukan kuma an aro su ne don a nuna ƙurar.

In ba ka da na'ura ko ɗaya, jira Oktoba zuwa Disamba ka nemi Andromeda, mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, wadda ido tsirara ke gani a wuri mai duhu. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta ta a littafinsa na taurari tun 964, ya kira ta ɗan ƙaramin gajimare.

Ranar da ka samu na'urar, ka zauna a duhu minti 20 zuwa 30 kafin ka fara, waya a aljihu, domin leƙa ta sau ɗaya ya mayar da kai farko. In dole sai ka haska wani abu, ɗaure jar leda a bakin tocila. In ka sa ido, kada ka kalli tabon kai tsaye, kalli ɗan gefensa, nan ne ƙwayoyin ganin duhu suka fi yawa. In har yanzu kana shakkar ko ita ce, ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa ya girgiza, ido ya fi saurin kama abu mai duhu in yana motsi.